Asalin Maƙeran Mota

A shirinmu na yau za mu waiwayi tarihin kamfanonin da ke ƙera motoci a duniya, mu ga inda suka samo asali, da sababin da ya sa waɗansunsu suka shahara har sunayensu suka shiga bakin yara a ƙauyukan da masu kamfanonin ba su taɓa jin labarinsu ba. Abin da ya ja hankalina ga wannan mas'ala shi ne, mu mutane ne ma'abota hawan mota, Allah ya ba mu direbobi gwanaye da makanikai masu basira waɗanda ke gane ciwon inji daga jin ƙararsa kaɗai, amma duk da haka abin da muke hawa daga hannun waɗansu yake fitowa. Saboda haka ya kamata mu san yadda su ɗin suka faro, domin wanda ya yi bincike zai tarar cewa da yawa daga cikinsu ba da mota suka fara sana'arsu ba.

Mu soma da Peugeot, wadda muke kira Fijo, tun da yake da wuya a sami dattijo a ƙasar Hausa wanda bai taɓa shigarta ba. A 1810, a gabashin Faransa kusa da iyakar Suwizalan, waɗansu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mai da gidan niƙan hatsi na mahaifinsu wurin sarrafa ƙarfe, suka shiga ƙera zarto, daga baya zuriyarsu ta ƙara da injin niƙa gahawa, da ƙarafan laima, da kayan aikin kafintoci. Zakin nan da kuke gani a goshin motar, a jikin zarto aka fara buga shi, don nuna cewa haƙoransa suna da kaifi da ƙarfi irin na zaki. Sai a 1882 suka shiga yin kekuna, a 1889 Armand Peugeot ya nuna wata mota mai ƙafa uku mai aiki da tururi, shekara ta zagayo ya yi mai cin fetur. Idan mai saurare ya lissafa zai ga shekara tamanin gidan nan ya yi yana narka ƙarfe, yana lanƙwasa shi, yana koyon wanda ke karyewa da wanda ke jurewa, kakanni suna miƙa wa jikoki, kafin ya fitar da motarsa ta fari.

Haka labarin yake kusan ko'ina aka duba. Adam Opel na Jamus keken ɗinki ya fara ƙerawa a 1862, har ya rasu bai yi mota ba, 'ya'yansa ne suka shiga harkar a 1899. 'Yan gidan Studebaker na Amurka maƙera ne masu yin keken doki. Suzuki ta Japan da injin saƙa ta fara, Kia ta Koriya kuwa da kayan keke. Wannan ya yi daidai da abin da Ibn Khaldun ya yi bayani a cikin Muƙaddimarsa tun ƙarni na 14, cewa sana'a ba ta kafuwa a gari sai da maimaici da tsawon zamani, har ta zama ɗabi'a a hannun masu yinta, kuma sana'o'i masu wuya a kan masu sauƙi suke ginuwa.

Injin da ke cin fetur, Jamusawa ne suka kai shi ga kamala. A 1876 Nikolaus Otto ya ƙera inji mai bugu huɗu, wato ya zuƙi mai da iska, ya matse su, wuta ta kama su su tura fistin, sa'an nan ya fitar da hayaƙi, kuma bisa wannan ƙa'ida mafi yawan motocin da ke kan titi suke tafiya har yau. Sai dai injin Otto ƙato ne mai nauyi wanda a girke yake a wuri guda. Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, waɗanda suka taɓa aiki tare da shi, su suka yi ta ijtihadi har suka rage masa nauyi suka ƙara masa gudu. A ɗaya gefen kuma, a birnin Mannheim, Karl Benz yana nasa ƙoƙarin shi kaɗai, har ranar 29 ga Janairu 1886 ya shigar da takardar neman mallakar ƙirƙirar wata mota mai ƙafa uku, wadda ƙarfin injinta bai cika na doki ɗaya ba. Kamfanin Daimler da na Benz sun daɗe suna gasa kafin su haɗe a 1926, daga nan aka sami Mercedes-Benz, Marsandin da manya ke hawa. Mercedes kuwa sunan 'yar wani dillalin motocin Daimler ne mai suna Emil Jellinek.

A nan ina son in dakata kaɗan, domin akwai wadda tarihi ya wajaba ya ba ta haƙƙinta, ita ce Bertha, matar Benz, wadda tun farko da dukiyar aurenta aka tallafi sana'ar mijin. Shi Benz mutum ne mai tsananin tsantseni, kullum yana ganin motar ba ta gama gyaruwa ba, jama'a kuma suna kallonta abin wasa ne wanda ba zai kai mutum ko'ina ba. A watan Agusta 1888, da asuba, ba tare da ta sanar da shi ba, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu ta tayar da motar ta nufi garin mahaifiyarta, Pforzheim, tafiyar da ta haura kilomita 100, a zamanin da babu gidan mai ko ɗaya a doron ƙasa, balle gareji. Da mai ya ƙare, a kantin wani mai sayar da magunguna a garin Wiesloch ta sayi wani ruwan goge tabon tufafi wanda injin ke iya ci. Da bututun mai ya toshe, da tsinken hularta ta zazzage shi. Da katakon burki ya cinye, wani baduku ta samu ya lulluɓe mata shi da fata. Inda suka iske hawa kuwa, sai su sauka su tura. Ta isa da almuru, ta aika wa mijinta da waya cewa sun sauka lafiya, kuma bisa shawarar da ta kawo daga wannan tafiya aka ƙara wa motar giyar hawan tudu. A ganina fa'idar tafiyar nan ta wuce ta shela, domin a yini guda ta bayyana cewa mota ba za ta rayu ba sai da mai sayar da mai, da mai gyara, da mai yin ƙananan kayayyaki a bakin hanya.

Kada kuma a zaci tun farko fetur ne ya yi rinjaye. Wajen 1900 motocin tururi da na lantarki sun fi na fetur yawa a titunan Amurka, kuma motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa, a 1899 a Faransa, ta lantarki ce. Abin da ya juya al'amarin shi ne arhar mai bayan da aka haƙo shi da yawa a Texas a 1901, da raunin batiran wancan zamani, da kuma ƙirƙirar tayar da inji da lantarki a 1912, wanda ya hutar da direba daga murɗa ƙarfen nan na gaba mai karya hannu. Sai a zamaninmu lantarki ya komo, kuma ɗaya daga cikin manyan masu yin irin motocin a yau, BYD na ƙasar Sin, shi ma da batir ya fara a 1995, bai taɓa mota ba sai a 2003.

Turawan Turai sun ƙirƙiri mota, amma a hannunsu ta zauna abin alfarmar attajirai, ana ƙera kowace ɗaya da hannu. Wanda ya sauko da ita ga talaka shi ne Henry Ford, ɗan manomi daga jihar Michigan, wanda tun yana yaro yake kwance agogo yana mayarwa, ya yi koyon aikin inji a Detroit, ya kuma shiga harkar mota sau biyu bai yi nasara ba kafin ya kafa kamfaninsa a 1903. Abin lura shi ne Detroit gari ne da tun kafin mota yake cike da masu yin keken doki, da masu zuba murhun ƙarfe, da masu gyaran injin jiragen ruwa, har ma injinan motocin Ford na farko a shagon waɗansu 'yan'uwa biyu masu suna Dodge aka ƙera su. A 1908 ya fitar da Model T, mota mai tsayi daga ƙasa don ta bi hanyar gona mai laka da rami, mai sauƙin tsari yadda manomi zai iya gyara ta da 'yan sifanu, a kan kimanin dala 850.

Babbar hikimarsa ta bayyana a 1913. Ma'aikatansa sun lura da yadda ake yi a mayankar Chicago, inda ake rataye dabba a sarƙa tana wucewa ta gaban mahauta, kowane yana yanke abin da aka ɗora masa. Sai suka juya tsarin, suka sa sarƙa tana jan gangar mota ta gaban ma'aikata, kowane yana tsaye a wurinsa yana ɗaura abu guda. Aikin da a da yake cin fiye da awa 12 sai ya koma kimanin awa ɗaya da rabi, kuma gwargwadon yadda lokaci ya ragu haka farashi ya yi ta sauka, har a 1925 ana sayar da ita ƙasa da dala 300, kafin a daina yinta a 1927 kuwa an ƙera miliyan 15. Amma wajibi ne a faɗi abin da wannan tsari ya jawo wa ɗan Adam, domin mutumin da a da gwani ne mai haɗa inji daga farko har ƙarshe ya koma mai ɗaure noti guda tun safe har yamma, ba ya da ikon ko ya miƙe bayansa sai sarƙa ta tsaya. Mutane suka riƙa gudu, har a 1913 sai da kamfanin ya ɗauki fiye da mutum 50,000 don ya riƙe ma'aikata wajen 14,000. Wannan ne ya sa a Janairu 1914 Ford ya ninka lada zuwa dala 5 a yini, ya rage awoyin aiki zuwa takwas. Sai dai ya haɗa da sharaɗin aika masu bincike gidajen ma'aikata su duba yadda suke zaune da iyalinsu, abin da a shari'armu tajassusi ne wanda ba a yarda da shi ba, kuma bai amince da ƙungiyar ƙwadago a masana'antarsa ba sai a 1941.

Abokin gasarsa, General Motors, ta wata ƙofa ya ɓullo. A ƙarƙashin Alfred Sloan suka jera motoci daraja-daraja, daga Chevrolet ta mai ƙaramin ƙarfi har Cadillac ta mai wadata, suka faɗaɗa sayarwa bashi ana biya kaɗan-kaɗan, suka kuma riƙa sauya siffar mota kowace shekara don wanda ke da ta bara ya ji kunyarta. Ta fuskar ciniki dabarar ta ci, don ta tilasta wa Ford rufe masana'antarsa wata da watanni a 1927 ya sake sabon samfuri. Ta fuskar tarbiyya kuwa, ni dai ina ganin ita ce ta koya wa duniya israfin yar da abin da bai lalace ba.

Labarin Volkswagen da zalunci ya fara. Gwamnatin Hitler ta sa Ferdinand Porsche ya zana motar talakawa, aka ce kowa ya riƙa ajiye mark 5 a mako har kuɗinsa su cika, mutum fiye da 300,000 suka shiga, yaƙi ya zo, babu ɗayansu da ya karɓi mota, masana'antar kuma ta koma yin kayan soja da gumin fursunoni da mutanen da aka kamo aka tilasta wa aiki. Bayan yaƙi, a 1945, wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, ya iske ta bama-bamai sun ragargaza ta, ya shawo kan rundunarsu ta yi odar mota 20,000, da haka aikin ya farfaɗo. Motar nan mai doron kunkuru, mai inji a baya wanda iska ke sanyaya shi, ba ta da lagireto balle ta nemi ruwa, ita ce a 1972 ta wuce Model T yawa, kuma ba a daina yinta ba sai a 2003 a Meziko, bayan an ƙera fiye da miliyan 21.

Amma labarin da na fi so masu saurare su riƙe shi ne na Toyota. Sakichi Toyoda ɗan kafinta ne, ya tashi yana ganin wahalar da mahaifiyarsa ke sha a wurin saƙa, ya ƙare rayuwarsa yana kyautata injin saƙa, har ya ƙirƙiro wanda ke tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A 1929 wani kamfanin Ingila, Platt Brothers, ya sayi izinin yin irinsa a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ya buɗe sashen mota a cikin masana'antar injin saƙar a 1933, ya sayo Chevrolet ya kwance ta ƙusa-ƙusa yana nazari, suka yi wata da watanni suna zuba gangar inji tana fitowa a lalace kafin su gane sirrinta, a 1937 kamfanin mota ya tsaya da ƙafarsa. A 1950 saura kaɗan ya durƙushe, aka sallami ma'aikata, Kiichiro ya ɗauki alhakin abin ya sauka daga shugabanci.

Talauci ne ya koya musu tadbiri. Tun da ba su da kuɗin tara kaya a sito kamar Amurkawa, wani injiniya mai suna Taiichi Ohno, wanda shi ma daga masaƙa ya fito, ya tsara yadda ba za a kawo kowane abu ba sai lokacin da ake bukatarsa, daga ƙananan masana'antun da ke kewaye da su. Sa'an nan ya ɗauko ƙa'idar injin saƙar nan ya kai ta kan layin haɗa mota, aka rataya igiya a kan kowane ma'aikaci, wanda duk ya ga aibi yana da ikon ya ja ta, in ta kama a tsai da layin har a gano asalin matsalar. Ku auna wannan da tsarin Ford, inda sarƙa ke mulkin mutum. A nan an mayar wa ma'aikaci hankalinsa, an kuma ba shi amana. Motarsu ta farko da suka kai Amurka a 1958 ta kasa gudun manyan titunan can, suka janye ta suka koma suka gyara. Corolla ta fito a 1966, da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973 duniya ta juyo ga ƙananan motoci marasa shan mai, a 1980 Japan ta wuce Amurka yawan ƙera motoci.

To, yanzu mu komo gida. A shekarun 1970, da kuɗin mai suka samu, gwamnatin Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai aka kafa wuraren haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Fiat a Kano, Steyr a Bauci, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Ta Kaduna ta fara aiki a 1975, ta fitar da 404 da 504, motocin da suka yi wa ƙasar nan hidimar da ba za a manta ba, daga ofisoshin gwamnati har tashoshin mota, da akori-kurar da ke kai hatsi kasuwannin ƙauye. Dubban matasa sun koyi aiki a can, an kuma riƙa yin waɗansu kayayyaki a cikin gida, kamar taya da batir da kujeru. Amma inji da akwatin giya, waɗanda su ne zuciyar mota, a cikin akwatuna suke zuwa, har akwai shekarun da jiragen sama ke jigilarsu daga birnin Lyon zuwa Kano, a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna.

A wannan shekara ta 1975 ɗin, a Koriya ta Kudu, kamfanin Hyundai ya fitar da motarsa ta kansa mai suna Pony. Mai kamfanin, Chung Ju-yung, ɗan manomi ne wanda ya taɓa riƙe garejin gyaran mota a birnin Seoul, kuma a 1968 shi ma haɗa motocin Ford yake yi daga akwatuna, daidai da abin da muka yi. Ita Pony ɗin ma Ba'italiye ne ya zana ta, injinta na Mitsubishi ne, injiniyoyin Ingila aka ɗauko haya suka tsara masana'antar. Bambancin shi ne hukumar Koriya ta ɗora wa kamfanoni sharaɗin yin kayan mota a cikin ƙasa ta kuma tsaya a kan sharaɗin, masana'antar ƙarfensu ta Pohang ta fara aiki tun 1973, su Hyundai kuma suka yi haƙurin shekara 16 suna koyo kafin su ƙera injin da suka zana da kansu a 1991. Mu kuwa tamu masana'antar ƙarfen ta Ajaokuta, wadda aka fara ginawa tun 1979, har yau ba ta cika aikin da aka gina ta dominsa ba. Saboda haka da darajar naira ta faɗi daga 1986, kuɗin akwatunan nan ya fi ƙarfin mai saye, motocin gwanjo suka kwararo ta Kwatano, masana'antun suka yi ta raguwa ɗaya bayan ɗaya, daga baya har masu yin tayar suka rufe.

Ina faɗin wannan da ɓacin rai, domin malamanmu, irin su Imam Gazali, sun lissafa sana'o'in da rayuwar al'umma ba ta tsayuwa sai da su a cikin farali kifaya, wanda in babu mai yinsa laifin ya hau kan kowa. Kuma hannuwan da za su yi suna nan: wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai ga masu zuba ƙarfe da masu walda da masu yanka ƙarfe a inji suna fitar da abin da kanti ya rasa, da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba. A garin Nnewi na jihar Anambra, inda aka daɗe ana cinikin kayan gyaran babur da mota har aka fara yin waɗansu a wurin, wani ɗan kasuwa mai suna Innocent Chukwuma, wanda da sayar da kayan babur ya fara, ya buɗe masana'antar motoci ta Innoson a 2010, ko da yake shi ma har yanzu akwai muhimman kayan da daga waje yake shigo da su.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko labarin Rudolf Diesel da injin da ke jan manyan motocin ɗaukar kaya.